Yarjejeniyar Kano ta 1979 da Rikicin Chadi: Iyakar Ƙarfin Dakarun Kiyaye Zaman Lafiya

Duk wanda ya saba kunna rediyo bayan sallar Asuba ko bayan Magariba, ko a Dambatta yake, ko Makoda, ko Kunchi, ko Tsanyawa, ba zai rasa jin ana ambaton dakarun kiyaye zaman lafiya ba. Yau a ce suna Kwango, gobe a ce suna Sudan ta Kudu. Tambayar da takan biyo baya a majalisar hira ita ce: idan har sojoji ne, ga bindigogi ga motoci, me ya sa ake kashe bayin Allah suna kallo? Tambaya ce mai ma'ana, kuma wani babban ɓangare na amsarta yana cikin wani al'amari da ya faru a nan Kano a shekarar 1979, lokacin da aka tara shugabannin ɓangarorin da ke yaƙi da juna a ƙasar Chadi domin a sasanta su. Masana tarihin Afirka har yau suna ambaton wannan zama da sunan Yarjejeniyar Kano, alhali kuwa da yawa daga cikin 'ya'yan jihar ba su taɓa jin labarinsa ba.

Asalin aikin

An kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoba na 1945, bayan ƙarewar Yaƙin Duniya na Biyu, yaƙin da ya kai samarin ƙasar Kano har dazuzzukan Bama. Ƙasashe 51 ne suka fara ta. Nijeriya ta shiga ranar 7 ga Oktoba, 1960, mako guda bayan samun mulkin kai, ta zama ƙasa ta 99.

Majalisar ba ta da sojojin kanta. Idan Kwamitin Sulhu ya yanke shawarar tura runduna, sai a roƙi ƙasashe su ba da aron sojojinsu, a sanya musu shuɗiyar hula domin a bambanta su da masu faɗa. An fara tura masu sa ido marasa makami zuwa Gabas ta Tsakiya a 1948, sannan aka tura runduna ta farko mai ɗauke da makamai zuwa Masar a 1956, lokacin rikicin mashigin Suwez. Nijeriya ba ta yi wata biyu da samun mulkin kai ba ta aika da sojojinta Kwango, inda Majalisar ta yi aiki daga 1960 zuwa 1964. Daga cikin ƙananan hafsoshin da suka je akwai ɗan Kano, marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad.

Wannan aiki yana tsaye ne bisa sharuɗɗa uku. Sai masu rikicin sun yarda a shiga tsakaninsu. Mai shiga tsakani ba ya ɗaukar ɓangare. Ba ya kuma buɗe wuta sai don kare kansa ko kare aikin da aka ɗora masa. Mutumin karkarar Kano ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan. A yankin da ba a barin gona ta huta saboda yawan jama'a, inda layin gamba ko ƴan itatuwa ne kawai ke raba gonar wane da ta wane, kowa ya san yadda dagaci kan tsaya tsakanin magada biyu da ke jayayya a kan iyaka. Ba shi da runduna. Ƙarfinsa shi ne su biyun sun yarda da shi. Ranar da ɗaya ya zarge shi da cewa ya karkata, ko aka yi rabon ba tare da an kira wani ɗan'uwa mai haƙƙi ba, to zaman ya tashi a banza, ko da an shafa fatiha. Waɗannan abubuwa biyu, wato zargin karkata da barin mai haƙƙi a waje, su ne suka ci Yarjejeniyar Kano.

Yadda Chadi ta kama da wuta

Chadi ta samu mulkin kai daga Faransa a watan Agusta na 1960 a ƙarƙashin François Tombalbaye, mutumin kudancin ƙasar. Turawan mulkin mallaka sun fi zuba makarantu da noman auduga a kudu, don haka aikin gwamnati ya faɗa hannun ƴan kudu, su kuwa mutanen tsakiya da arewa, waɗanda akasarinsu Musulmi ne manoma da makiyaya, suka ga cewa ba sa ganin gwamnati sai ranar karɓar haraji. A 1965 talakawan Mangalme suka yi wa masu karɓar haraji bore. Shekara guda bayan haka aka kafa ƙungiyar tawaye ta FROLINAT a garin Nyala na ƙasar Sudan. Abin lura a nan shi ne, yaƙin da ya ci shekaru fiye da 20 ya faro ne daga zaluncin ƙananan jami'ai a ƙauye.

Ba a daɗe ba ƙungiyar tawayen ta dare gida-gida. Libiya ta mamaye yankin Auzu da ke kan iyakarta da Chadi a 1973, ta kuma riƙa ba wasu ɓangarori makamai. Faransa tana goyon bayan gwamnati da sojojinta. A watan Afrilu na 1975 sojoji suka kashe Tombalbaye, Janar Felix Malloum ya hau mulki. Domin ya raba kan ƴan tawaye, sai ya jawo ɗaya daga cikin jagororinsu, Hissene Habre, ya naɗa shi firayim minista a watan Agusta na 1978. Aka wayi gari da zakaru biyu a akurki ɗaya, kowa da rundunarsa. Ranar 12 ga Fabrairu, 1979, faɗa ya ɓarke a tsakiyar birnin Njamena. Mayaƙan Gukuni Weddeye, wani jagoran ƴan tawayen arewa, su ma suka shigo birnin. Aka shiga kashe-kashen ramuwa tsakanin ƴan arewa da ƴan kudu, a babban birnin da kuma garuruwan kudu, gwamnati ta watse.

Me ya kawo su Kano?

Nijeriya tana da dalilin damuwa. Tana iyaka da Chadi ta Tafkin Chadi, kuma tun 1964 ƙasashen biyu suke cikin hukuma ɗaya mai kula da tafkin, tare da Nijar da Kamaru. Amma dangantakar Kano da wancan yanki ta girmi kowace hukuma. Kafin jirgin sama ya zama hanyar alhazai, mutanen ƙasar Hausa ta nan suke bi a ƙasa, su ratsa Barno, su yada zango a Fort Lamy, wanda shi ne aka sauya wa suna ya koma Njamena a 1973, su wuce Abeshe zuwa Sudan. Wasu ba su ƙarasa ba, wasu sun dawo sun tsaya a hanya, shi ya sa har yau akwai Hausawa masu yawa a can. Shanun da ake kawowa Wudil da Dambatta, da kanwa, da bandar kifi, wani kaso nasu daga wannan shiyya yake fitowa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ma, jiragen yaƙin da ake haɗawa a Takoradi ta ƙasar Gana a filin jirgin saman Kano suke sauka, su tashi zuwa Maiduguri da Fort Lamy kafin su isa Masar. Saboda haka ga ɗan Chadi, Kano ba baƙon wuri ba ne.

Gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ce ta kira taron a watan Maris na 1979, mataimakinsa Manjo Janar Shehu Musa Ƴar'aduwa ya jagoranci zaman. Wakilan Libiya da Sudan da Nijar da Kamaru sun halarta. Daga Chadi kuwa ɓangarori huɗu ne suka zauna: Malloum, da Habre, da Gukuni, da kuma wata ƙaramar ƙungiya mai sansani a yankin tafki, wadda ake kira MPLT. A tsakiyar watan suka sanya hannu.

Abin da aka amince da shi, a takarda, ba shi da aibu. Za a tsagaita wuta. Za a janye mayaƙa daga Njamena zuwa tazarar kilomita 100. Za a saki fursunonin yaƙi a kuma yi afuwa. Malloum da Habre za su sauka daga muƙamansu, a kafa gwamnatin riƙon ƙwarya ta haɗin kan ƙasa. Sannan Nijeriya za ta tura runduna ta ƴan ba-ruwanmu domin ta tsare birnin ta kuma tabbatar kowa ya cika alƙawari. Malloum dai ya cika nasa. Ya sauka ranar 23 ga Maris, ya dawo Nijeriya da zama, bai koma ƙasarsa ba sai a 2002. Aka ɗora Gukuni a kan majalisar wucin gadi. Sojojin Nijeriya kimanin 800 suka isa Njamena a ƙarƙashin Kanar Muhammadu Magoro.

Inda aka samu tangarɗa

Matsala ta farko ita ce waɗanda ba a kira ba. Akwai wasu ɓangarorin FROLINAT, wasunsu masu samun goyon bayan Libiya, da suka ce su ma da su aka sha wuya, ba za a raba mulki babu su ba. Don a gyara wannan aka sake kiran taro na biyu a Kano a farkon watan Afrilu. Habre da Gukuni, waɗanda suka riga suka kama birnin, suka ƙi yarda a ƙara hannu a cikin akushi, suna cewa sababbin zuwan ba su da mayaƙan kirki a fagen daga. Aka tashi baram-baram. Da suka koma gida, a ƙarshen watan suka kafa gwamnatin kansu da Lol Mahamat Shuwa a matsayin shugaba. Nijeriya da Libiya da sauran maƙwabta suka ƙi amincewa da ita.

Matsala ta biyu ta biyo bayan ta farko. Tun da Nijeriya ta fito fili ta ƙi gwamnatin da ke Njamena, har ta kai ga tsayar da man fetur da ake kai wa Chadi, sojojinta da ke birnin sun daina zama ƴan ba-ruwanmu a idon masu riƙe da birnin. Dama tun farko wasu na zargin cewa Nijeriya tana da ɗan lelenta a cikin ɓangarorin. Mayaƙa ba su janye kilomita 100 ɗin ba. Mutum 800 kuwa ba za su iya korar dubban mayaƙa daga birni ba, ba a kuma turo su don su yi hakan ba. Ga kuma sojojin Faransa, waɗanda ba su bar ƙasar ba. Daga ƙarshe hukumomin Njamena suka nemi rundunar ta fice, ta kuwa fice a watan Yuni na 1979, wata uku kacal da zuwanta.

A nan ya kamata a yi wa waɗancan sojoji adalci. Ba rashin jarumta ne ya dawo da su ba. An tura su su tsare zaman lafiyar da masu bindiga ba su riga sun yanke shawarar yi ba, kuma ƙasar da ta tura su ta haɗa aiki biyu da ba sa haɗuwa: ita ce alƙali, ita ce kuma mai matsa wa ɗaya daga cikin masu shari'a lamba.

Aka koma Legas. A zama na biyu da aka yi can, a watan Agusta na 1979, ɓangarori 11 suka sa hannu, aka kafa gwamnatin haɗin kai a watan Nuwamba, Gukuni shugaba, Habre ministan tsaro. An ɗauki darasin Kano ta fuska ɗaya, domin an ce wannan karon rundunar za ta fito ne daga ƙasashen da ba su da iyaka da Chadi, wato Kwango-Brazabil da Benin da Gini. Sai dai Kwango ce kaɗai ta turo ƴan ɗaruruwa. Da faɗa ya sake ɓarkewa tsakanin Habre da Gukuni a watan Maris na 1980, suka tattara suka koma gida. Wata tara aka yi ana ragargaza Njamena. Dubun dubatar mutane suka tsallaka kogi zuwa Kuseri ta Kamaru, wasu suka wuto Nijeriya. Gukuni ya kira Libiya, tankokinta suka kori Habre a watan Disamba na 1980.

Gwajin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka

Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, wadda aka kafa a Adis Ababa a 1963, ba ta taɓa tura babbar runduna irin wannan ba. Da sojojin Libiya suka janye a watan Nuwamba na 1981, sai ta ɗauki nauyin cike gurbin. Ƙasashe shida suka yi alƙawari, uku suka cika: Nijeriya da Senegal da Zayar. Aka ba Manjo Janar Geoffrey Ejiga na Nijeriya jagoranci, a zamanin Shugaba Shehu Shagari.

Tun ranar farko ba a fahimci juna ba. Gukuni ya ɗauka an zo ne a taya shi yaƙar Habre, wanda ya sake shiri a kan iyakar Sudan. Ƙungiyar kuwa ta ce ita tsakani ta zo shiga, har a watan Fabrairu na 1982 ta nemi Gukuni ya zauna da abokin gabarsa, shi kuma ya ƙi. Ga rashin kuɗi. Asusun ƙungiyar babu komai, kowace ƙasa ita ke ciyar da sojojinta, kuma Nijeriya ce ta ɗauki kaso mafi nauyi a daidai lokacin da farashin man fetur ya fara faɗuwa. An kai kuka Majalisar Ɗinkin Duniya, inda a lokacin marigayi Ɗanmasanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, yake wakiltar Nijeriya. Abin da Kwamitin Sulhu ya yi a ƙarshen watan Afrilu na 1982 shi ne ya ce a buɗe asusu, wanda ya ga dama ya sa. Kafin a tara wani abin kirki, mayaƙan Habre sun kewaye sansanonin rundunar sun wuce, suka shiga Njamena ranar 7 ga Yuni, 1982. Zuwa ƙarshen watan rundunar ta kwashe kayanta.

Habre ya yi mulki shekara takwas, har Idris Deby ya kore shi a watan Disamba na 1990. A 2016 wata kotu ta musamman da Tarayyar Afirka da Senegal suka kafa a Dakar ta same shi da laifin cin zarafin bil'adama, ta yanke masa ɗaurin rai da rai. Ya mutu a 2021.

Mutum tara a Auzu

Akwai wani ɗan ƙaramin babi a wannan tarihi da ba a cika ambata ba, ga shi kuwa ya fi kowanne bayyana gaskiyar al'amarin. Bayan Chadi da Libiya sun gwabza a 1987 kowa ya ji jiki, sai suka amince su kai maganar yankin Auzu gaban Kotun Duniya da ke birnin Heg. A watan Fabrairu na 1994 kotun ta ce yankin na Chadi ne. Libiya ta karɓi hukuncin. Majalisar Ɗinkin Duniya ta tura hafsoshi masu sa ido guda tara, har da ɗan Nijeriya a cikinsu, domin su shaida janyewar. Kafin ƙarshen watan Mayu sojojin Libiya sun fice, aka rufe aikin a watan Yuni. Abin da mutum 800 suka kasa a 1979, da abin da dubbai suka kasa a 1982, mutum tara sun ga an yi irinsa cikin ƴan makonni ba tare da an harba harsashi ko ɗaya ba, domin a wannan karon masu rigimar ne da kansu suka gaji, suka kuma yarda da alƙali tun kafin ya yi hukunci.

Ƙasashen Afirka sun ɗauki wani darasi daban daga Chadi, wato cewa wani lokaci jiran yardar kowa yana nufin a bar mutane su mutu. Shi ya sa da ƙungiyar ECOWAS ta tura rundunar ECOMOG zuwa Laberiya a watan Agusta na 1990, ba ta tsaya ga shiga tsakani ba, ta yi yaƙi. Haka aka yi a Saliyo, inda aka mayar da Shugaba Ahmad Tejan Kabbah kan mulki a watan Maris na 1998, a zamanin Janar Sani Abacha. Wannan hanya ta ci rayukan sojojin Nijeriya masu yawa da dukiya mai ɗimbin yawa, kuma har yau ana muhawara a kan ribarta da hasararta. Da aka kafa Tarayyar Afirka a 2002, an rubuta a dokarta cewa tana da ikon shiga ƙasa idan ana kisan kiyashi ko laifukan yaƙi, abin da tsohuwar ƙungiyar ba ta yarda da shi ba.

Lokacin da abin ya zo ƙofar gida

Mai karatu zai iya cewa duk wannan labarin nesa ne. Shekarar 2023 ta nuna ba haka ba ne. Bayan sojoji sun kifar da gwamnatin Shugaba Muhammad Bazoum a Nijar ranar 26 ga Yuli, shugabannin ECOWAS sun zauna a Abuja ranar 30 ga watan, suka sanya takunkumi, suka rufe iyakoki, suka ba da wa'adin mako guda tare da barazanar amfani da ƙarfi. Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar.

Hanyoyi biyu da suka ratsa arewacin Jihar Kano duk a Nijar suke ƙarewa. Ɗaya ta bi ta Bichi da Tsanyawa zuwa Katsina da Jibiya har Maraɗi, ɗaya kuma ta bi ta Dambatta da Kazaure da Daura har Damagaram. Da aka rufe iyaka, manyan motoci suka yi cirko-cirko a bakin boda, kayan gwari suka lalace, ƴan kasuwar hatsi ta Dawanau da ke Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa suka ji a jikinsu, haka ma dillalan dabbobi da ƴan dako da iyalan da aure ya haɗa da ƙetare. Majalisar Dattawa ta shawarci shugaban ƙasa da ya bi hanyar lalama. A watan Agusta Malam Muhammadu Sanusi na Biyu ya je Yamai ya gana da Janar Abdurrahman Tchiani, a lokacin da wakilan ƙungiyar ba su samu ganinsa ba, bayansa kuma tawagar malaman addini ta je. Ba a kai ga yaƙi ba.

ECOWAS ta ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu, 2024, Nijeriya ta ba da umarnin buɗe nata ɓangaren iyakar a watan Maris. Amma hakan bai dawo da Nijar ba. Ita da Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairu, 2025, shekara 50 da kafa ta a Legas.